Yadda Ake Ƙiyasta Yawan Kawa a Tudun Ƙarƙashin Teku da Na'urar Sona

Wanda ya fara ganin hoton sona, na'urar da ke duba ƙasan ruwa da sauti, a allon kwamfuta yakan ɗauka aiki ya zo ƙarshe: ga tudun nan ya fito fes, ga inuwarsa a gefe, saura a ƙirga. To a nan gizo ke saƙar. Sona ba ta ƙirga kawa. Kawa mai rai da ɓawon wadda ta mutu shekara goma da suka wuce, amsa iri ɗaya suke mayar wa na'urar, domin duka biyun abu ne mai tauri da kaushi. Abin da sona ke ba ka shi ne taswirar ƙasan ruwa: ina ne ɓawo ya taru, ina ne yashi, ina ne laka, kuma kowanne faɗinsa nawa. Ƙirgar kanta da hannu ake yi, a kan jirgi, cikin taɓo da sanyi. Jagorar nan duka a kan haɗa waɗannan ayyuka biyu take.

Kawa halittar ruwa ce mai ɓawo biyu da ke zaune a bakin teku da mashigai inda ruwan kogi ke gauraya da na gishiri. Tana ƙarama takan yi yawo a ruwa na 'yan makonni, daga nan ta manne da wani abu mai tauri, ba ta sake motsawa har ta mutu. Abin da ta fi so ta manne da shi shi ne ɓawon 'yar'uwarta. Haka zuriya ke hawa kan zuriya har a samu tudu. Wani nazari da aka wallafa a 2011 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin 100 na irin waɗannan tuddai a duniya sun ɓace, saboda yawan kwasa da cututtuka da gurɓatar ruwa. Shi ya sa hukumomin kamun kifi ke son sanin abin da ya rage kafin su buɗe wuri ko su rufe shi.

Neman tudu da sauti ba sabon abu ba ne. A mashigin Chesapeake na Amurka, masu safiyon da suka zana tuddan kawar jihar Maryland tsakanin 1906 da 1912 sarƙa suke ja a ƙasan ruwa, an ɗaure ta da waya, mutum yana riƙe da wayar yana jin karkarwarta. In sarƙar ta bi kan laka sai a ji shiru, in ta hau kan ɓawo sai ta fara rawa a hannu. Sona jikanyar wannan sarƙa ce, sai dai ta fi ta faɗin ido nesa ba kusa ba.

Mataki na farko: tsayar da tambaya da iyaka

Kafin a taɓa injin jirgi, a zauna a rubuta abin da ake son sani. Yawan kawa duka? Ko waɗanda suka isa kamu kaɗai? Ko kuwa ana so a ga ko tudun da aka farfaɗo da shi yana raye? Amsar ce za ta nuna girman da za a riƙa aunawa da yawan samfurin da za a ɗiba.

Sai a zana iyakar wurin a taswira. A nemi tsofaffin taswirori in akwai. Jihar Virginia har yau tana dogara da iyakokin safiyon Baylor na shekarun 1890 wajen tantance filayen kawa na jama'a. Irin waɗannan taswirori suna nuna inda tudu yake a da, ba inda yake yanzu ba, amma mafari ne mai kyau. A kuma tambayi masuntan da suka daɗe a wurin. Sukan san gefen da kwandon kwasar kawa ke sarƙewa da gefen da yake fitowa da laka zalla. A faɗaɗa iyakar ta wuce inda ake zaton tudun ya ƙare, domin taswirar da ba ta kama gefen tudu ba ba za ta faɗi girmansa ba. Izinin ɗibar samfuri daga hukumar da ke kula da ruwan ma a wannan matakin ake nema, don yakan ɗauki lokaci.

Mataki na biyu: zaɓen na'ura

Dukkan sona aiki ɗaya suke yi: su saki sauti cikin ruwa, su saurari amsa-kuwwa. Sauti yana tafiya kusan mita 1,500 a daƙiƙa a ruwan teku, don haka lokacin da amsar ta ɗauka shi ke nuna nisa, ƙarfinta kuma shi ke nuna irin abin da sautin ya buga. Laka tana haɗiye sauti, ta mayar da kaɗan. Ɓawo yana watso shi da ƙarfi.

Iri uku ne suka shafe mu. Akwai mai duban ƙasa kai tsaye, wadda ke aika sauti ƙarƙashin jirgi kawai. Ita ce mafi sauƙin samu, tana ba da zurfi da ɗan bayani kan taurin ƙasa, amma layi siriri take gani; abin da ke tsakanin layi da layi sai dai a cike da hasashe. Akwai mai duban gefe, wadda ke watsa sauti dama da hagu ta zana hoto kamar an haska ƙasan ruwa da tocila daga gefe. Ana saka ta cikin wani dogon bututu mai fukafukai da ake ja a bayan jirgi, wanda masu aikin ke kira “kifi”. Sai kuma mai harsuna da yawa, wadda ke buɗe sauti kamar mafici a ƙarƙashin jirgi ta auna zurfi a ɗaruruwan wurare lokaci guda. Ita ce gwanar nuna tsayin tudu da siffarsa.

Ni dai in za a ba ni guda ɗaya, mai duban gefe zan ɗauka. Dalilin shi ne yawancin tuddan kawa a ruwa marar zurfi suke, kuma faɗin da mai harsuna da yawa ke iya kamawa bai cika wuce ninki uku ko huɗu na zurfin ruwan ba in ana son sakamako mai tsafta. A ruwa mai zurfin mita 3, kusan mita 10 zuwa 12 ke nan a kowane zagaye. Mai duban gefe kuwa tana iya kama mita 50 a kowane ɓangare a ruwan da zurfinsa ya ɗan wuce mita 5. Idan akwai halin haɗa biyun, to madalla.

Batun kaifin sauti: na'urori masu duban gefe sukan yi aiki tsakanin kilohaz (ma'aunin kaifin sauti) 100 zuwa 900 ko sama. Mai ƙaramin adadi tana kai wa nesa amma hotonta dishi-dishi ne. Mai babban adadi tana nuna abu dalla-dalla amma ba ta nisa. Don neman tudu, wani abu tsakanin 400 da 600 yakan wadatar. Akwai abu ɗaya da ya kamata a sani tun yanzu: sauti mai kaifi ba ya ratsa laka. Ɓawon da laka ta rufe da 'yan santimitoci zai fito a hoto tamkar laka. In ana son gano tudun da ya binne, sai an kawo na'ura mai ƙaramin kaifi, ta 'yan kilohaz kaɗan, wadda ke leƙa ƙarƙashin lakar.

Mataki na uku: zana layukan da jirgi zai bi

Jirgin zai riƙa kai da komo ne a layuka masu jere, kamar mai huɗa. Tazarar layukan tana bin zangon da aka saita wa na'urar, wato iyakar nisan da za ta duba a kowane gefe, kuma a nan mutane da yawa ke faɗa wa kwaɗayi: su buɗe zango sosai don su gama da wuri. Bari mu yi lissafin abin da hakan ke jawowa.

Na'urar ba ta sakin sabon sauti sai wanda ta saki ya je ƙarshen zango ya dawo. In zangon mita 50 ne, zuwa da dawowa mita 100, wato za ta iya bugawa kusan sau 15 a daƙiƙa. Jirgi na tafiyar mita 2 a daƙiƙa, to tsakanin bugu da bugu kusan santimita 13 ne. Buɗe zangon zuwa mita 150, bugun ya koma sau 5 a daƙiƙa, tazarar ta zama santimita 40. Ƙananan dunƙulen kawa da suka warwatsu a kan yashi za su faɗa tsakanin bugu da bugu su ɓace. Don haka zango gajere, tafiya a hankali: kilomita 6 zuwa 8 a awa ya isa.

Akwai kuma makantar da mai duban gefe ke da ita daidai ƙarƙashin cikinta. A hoto za ka gan ta kamar baƙin zare a tsakiya, kuma abin da ke kusa da shi a murɗe yake. Maganinta shi ne layi na gaba ya rufe tsakiyar layin baya. Da zangon mita 50, sai a sa tazarar layuka ta yi ƙasa da hamsin ɗin kaɗan, a ce 40 zuwa 45, yadda kowane wuri za a gan shi sau biyu, daga dama da daga hagu. Filin da ya kai kilomita ɗaya tsawo da faɗi zai ci layi kusan 25, tafiyar kilomita 25, wato awa huɗu ko fiye in an haɗa da juyawa. Yini guda ke nan in ruwa ya ba da haɗin kai.

A ja layukan su bi tsawon gaɓa ko hanyar da igiyar ruwa ke bi, don zurfi ya daɗe bai canza ba a kan layi ɗaya. A ƙara layi biyu ko uku masu ratsa sauran a gicciye. Da su za a gane in wani abu ya goce.

Mataki na huɗu: ranar fita

A zaɓi ranar da iska ta kwanta. Kowace girgiza ta jirgi tana bin igiya ta isa ga kifin, hoton ya fito da zane-zane kamar tabarmar da aka ja. A wuri marar zurfi a fita lokacin da teku ya cika.

Tsayin kifin daga ƙasa ya kamata ya kasance kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na zango. Zangon mita 50 yana son tsayin mita 5 zuwa 10. In ruwan bai kai haka ba, a rage zangon, kuma a daina jan kifin: a ɗaure shi a sanda mai ƙarfi a gefen jirgi ko a goshinsa, nesa da kumfar farfela. Kumfa tana makantar da sona.

In ja za a yi, to a kula da wani abu da ke lalata taswira ba tare da kowa ya lura ba. GPS yana kan jirgi, kifin kuwa yana can baya. An saki igiya mita 20, kifin na zurfin mita 4, to yana bayan wurin ɗaurin da kusan mita 19 da rabi, ban da tazarar da ke tsakanin wurin ɗaurin da eriyar GPS. In ba a shigar da wannan a manhaja ba, tudun zai matsa gaba mita 20 a layin tafiya, ya matsa baya mita 20 a layin dawowa, gefensa ya fito kamar haƙoran zarto. Mafi muni, ranar da za a dawo ɗibar samfuri, sai a sauke kaya a wurin da taswira ta ce ɓawo ne a fito da laka. A rubuta tsawon igiya duk lokacin da aka canza shi, da lokacin da aka canza. Kafin a fara layukan, a bi ta gefen wani abu da aka san wurinsa, kamar ginshiƙi ko tubali mai alama, sau ɗaya ta nan sau ɗaya ta can, a ga ko hotunan biyu sun sauka wuri guda.

A auna zafin ruwa da gishirinsa daga sama zuwa ƙasa da safe, a sake in teku ya juya. A mashigai ruwan kogi kan kwanta a kan na gishiri, kuma inda suka haɗu sauti yana lanƙwasa; za ka ga ƙarshen hoton ya cika da wasu layuka masu lauje da ba su da asali a ƙasa. Sannan kada a yi ta murɗa ƙarfin na'urar a tsakiyar aiki don hoto ya yi kyau a ido. In haske ɗaya yana nufin ɓawo a layi na uku amma yashi a layi na goma, rarraba ƙasa daga baya zai zama ciwon kai.

Mutum ɗaya ya zauna gaban allo ba ya ɗaga kai. Hoton yana gangarowa daga sama a hankali, layi bayan layi. Laka tana zuwa sumul, launi ɗaya ba tabo. Yashin da ruwa ya yi wa kunya-kunya yana zuwa da ratsi a jere. Sai can ka ga hoton ya fara ƙuraje, haske da duhu a cakuɗe kamar fatar kada, gefensa a yanke: an hau tudu. Ya danna alama, ya rubuta lokaci.

Mataki na biyar: haɗa hotuna da rarraba ƙasa

A ofis, manhajar na'urar za ta cire ɓangaren ruwa daga tsakiyar kowane layi, ta gyara nisan karkace da aka auna daga kifin ya koma nisan kwance a ƙasan ruwa, ta daidaita haske tsakanin kusa da nesa, sannan ta ɗinke layukan su zama hoto guda. Daga nan a kai shi manhajar taswira irin QGIS a fara zagaye wurare.

Kada a yawaita rukuni. Uku ko huɗu sun isa: ɓawo mai kauri, ɓawo a cakuɗe da yashi ko laka, yashi, laka. Duk rukunin da ka ƙirƙira sai ka je ka ɗebi samfuri a cikinsa, kuma rukuni takwas da ba ka iya bambance su a ƙasa ado ne kawai. Ana iya barin kwamfuta ta rarraba bisa haske da kaushin hoto, ana iya yi da hannu. A ƙaramin fili hannu ya fi, muddin mutum ɗaya ne ya yi duka kuma ya rubuta ƙa'idar da ya bi.

Inuwa ma tana da amfani. Abin da ya taso daga ƙasa yana tare sauti, bayansa ya zama duhu. Ka ninka tsawon inuwar da tsayin kifin daga ƙasa, ka raba da nisan da ke tsakanin kifin da ƙarshen inuwar. Inuwa mita 3, kifi a tsayin mita 5, ƙarshen inuwa a mita 30: tudun ya taso rabin mita. Tsayi ba ƙaramin bayani ba ne, domin tudun da ya ɗaga sama yana samun ruwa mai gudu kuma laka ba ta saurin binne shi, wanda ya baje kuwa sau da yawa alama ce ta an daɗe ana kwasarsa.

Mataki na shida: taɓa ƙasa

Gani ya kori ji, amma a wannan aikin taɓawa ce ke korar gani. Tsakuwa, tarin ɓawon wasu halittu, duwatsu, yashi mai tauri, duk suna iya yin kama da tudun kawa a hoto. A koma ruwa da jerin wurare daga kowane rukuni, a duba kowanne. A ruwa marar zurfi doguwar sanda ta wadatar: a laka tana nutsewa shiru, a yashi tana tsayawa da ɗan gurzawa, a ɓawo kuwa za ka ji ƙaras-ƙaras har cikin tafin hannu. Sandar tana kuma tona asirin ɓawon da ya binne, in ta ratsa laka taku ɗaya sannan ta bugi tauri. Inda ruwa ke da haske a sauke kyamara. Inda yake da duhu a sauke ƙaramin madamƙi ya cafko ƙasa.

A raba wuraren gida biyu. Kashi ɗaya a gyara taswira da shi. Ɗayan a ajiye shi, kada a taɓa, sai an gama a gwada taswirar da shi: cikin wurare 20 da ta ce ɓawo mai kauri ne, nawa ne suka tabbata? In 17 ne, ka san inda kake. In 11 ne, a koma mataki na biyar. Wanda ya gwada taswira da wuraren da ya gina ta da su, kansa ya yaudara.

Mataki na bakwai: ɗibar samfuri da ƙirga

Yanzu aka zo ga kawar kanta. A bar kwamfuta ta watsa wuraren ɗiba cikin kowane rukuni ba tare da zaɓi ba. Wannan ƙa'ida ce da ba ta da sassauci. In aka bar wa matuƙi ya zaɓa, zai kai ka inda ya san akwai kawa, don haka ya saba, kuma adadinka zai kumbura. A ba rukunin ɓawo mai kauri kaso mafi yawa na samfuri, tunda a can ne yawan ya fi bambanta daga wuri zuwa wuri, amma kada a bar laka da yashi ba ko ɗaya.

Kayan ɗiba iri uku ne. Masu nutso suna sauka da firam mai kusurwa huɗu, mita ɗaya ko rubu'in murabba'in mita, su kwashe duk abin da ke ciki zuwa zurfin da aka amince. Wannan ya fi kowanne gaskiya, ya kuma fi kowanne cin lokaci. Akwai babban awartaki mai aiki da inji, wanda ake saukewa daga jirgi ya damƙi fili mai sanannen faɗi. Shi ake yawan amfani da shi a Chesapeake, kuma yana ba da adadi a kan murabba'in mita kai tsaye. Sai kwandon ƙarfe mai haƙora da ake ja a ƙasa. Shi ne mafi sauri, amma yana tsallake da yawa, yana cika kafin a gama ja, kuma kason da yake kamawa yana canzawa da irin ƙasa da gudun jirgi. In dole sai da shi, a yi jan gajere, a auna tsawonsa da GPS, sannan a gwada shi da masu nutso ko awartaki a wasu wurare don a san kason da yake bari.

A kan jirgi ake zube abin da aka ɗebo a tebur a watsa masa ruwa. Dunƙule ne baƙi, kawa biyar ko goma a manne da juna, da ƙananan kaguwa suna gudu ta ko'ina. A rarrabe shi gida-gida. Mai rai a rufe take gam, tana da nauyi, in ka ƙwanƙwasa ta ba ta amsa kamar fanko. Wadda ta mutu amma ɓawonta biyu na haɗe a ƙirga ta daban, a leƙa cikinta: in fari ne tas, mutuwar ba ta daɗe ba, in wasu halittu sun riga sun yi gida a ciki, ta kwana biyu. Wannan ƙirga ita ke nuna yawan mace-mace, kuma in ta yi yawa sai a aika samfuri ɗakin gwaji, domin cututtuka irin su Dermo da MSX a gabashin Amurka, da Bonamia a Turai, sun sha share tuddai. Sai jarirai, waɗanda suka manne a bana. Wasu ba su kai farcen ɗan yatsa ba, a lafe suke a jikin tsohon ɓawo, kuma mai gaggawa ba zai gan su ba. A juya kowane ɓawo ciki da baya.

A auna tsawon masu rai daga mahaɗin ɓawo zuwa bakinsa. In sun yi yawa a auna 30 ko 50 da aka ɗauka ba zaɓe. A Maryland da Virginia girman kamu a filayen jama'a inci 3 ne, kusan milimita 76, don haka sukan raba ƙirga zuwa jarirai, ƙanana, da waɗanda suka isa kasuwa. A auna kuma yawan ɓawon da babu rai a bokiti mai ma'auni, tunda shi ne shimfiɗar da zuriya ta gaba za ta sauka a kai. In an gama a mayar da komai daidai inda aka ɗebo shi, a wanke kaya kafin a shiga wani mashigi.

Mataki na takwas: lissafi

Kowane rukuni da nasa: faɗinsa daga taswirar sona, a ninka da matsakaicin adadin kawa a murabba'in mita daga samfuri. Sannan a tara.

A ce filin hekta 100 ne. Taswira ta ba da ɓawo mai kauri hekta 12, cakuɗe hekta 30, laka da yashi hekta 58. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. A ce samfuri ya ba da matsakaicin 40 a rukunin farko, 6 a na biyu, 0.2 a na uku. Na farko: 120,000 sau 40, miliyan 4.8. Na biyu: 300,000 sau 6, miliyan 1.8. Na uku: 580,000 sau 0.2, wato 116,000. Jimilla kusan miliyan 6.7. Da a ce an ɗebi samfuri a wurin mai kyau kawai aka ninka da faɗin filin duka, da an sanar da miliyan 40. Tazarar da ke tsakanin waɗannan adadi biyu ita ce ladan wahalar da aka sha da sona.

Amma miliyan 6.7 ita kaɗai ba amsa ba ce. Kawa a dunƙule take zama: wannan damƙa ta fito da 90, ta kusa da ita ta fito da 3. A ce a rukunin farko an ɗebi samfuri 25, kuma ma'aunin warwatsuwarsu, wato yadda suke nisanta da matsakaicin, 30 ne. A raba 30 da tushen 25, wato 5, a samu 6. Ninki biyu na wannan, 12, shi ne kimanin faɗin shakka: matsakaicin gaskiya yana tsakanin 28 da 52, kawar rukunin kuwa tsakanin miliyan 3.4 da 6.2. Haka za a rubuta shi. In ana son rage shakkar da rabi, sai an ninka samfuri sau huɗu, ba sau biyu ba. Gara a san wannan tun ana tsara kwanakin jirgi. Kuma wannan shakkar samfuri ce kawai, ba ta haɗa da kuskuren taswira da aka auna a mataki na shida ba. A faɗi shi ma a rahoto.

Don a san ko adadin mai kyau ne, a kwatanta shi da ma'aunin da ya dace da nau'in. A aikin farfaɗo da tuddan Chesapeake, mafi ƙarancin abin da ake karɓa shi ne kawa 15 a murabba'in mita, burin kuma 50, a kan aƙalla kashi 30 cikin 100 na tudun, tare da samun zuriya fiye da ɗaya. Kawar Turai mai faɗin ɓawo ba ta cunkushewa haka. Yarjejeniyar OSPAR, ta kare muhallin arewa maso gabashin tekun Atlantika, tana ɗaukar wuri a matsayin shimfiɗar kawa in an samu 5 ko fiye a murabba'in mita. A irin wannan wuri sona ba za ta nuna tudu mai tsayi ba, ƙasa mai cakuɗe kawai za ta nuna, kuma nauyin aikin zai koma kan kyamara da masu nutso.

Mataki na tara: komawa

Ƙirga ɗaya ba ta nuna ko kawa na ƙaruwa ko raguwa. A riƙa ɗibar samfuri duk shekara a lokaci guda, bayan jariran bana sun yi girman da ido zai gan su. Maryland tana yin nata binciken ne a kaka tun 1939. Kaya iri ɗaya, ƙa'ida iri ɗaya. In aka sauya kwando ko awartaki, a yi shekara ɗaya ana amfani da tsoho da sabo tare.

Taswirar sona ba ta bukatar sabuntawa kowace shekara, tunda tudu ba ya tashi ya koma wani wuri. Amma bayan babbar guguwa ko ambaliya a sake ta. Da guguwar Ike ta afka wa mashigin Galveston na jihar Texas a 2008, laka ta binne wani babban kaso na tuddan kawar wurin, kuma da sona mai duban gefe aka auna ɓarnar, ta hanyar kwatanta sabon hoto da na kafin guguwar. Saboda irin wannan rana, a adana ɗanyen bayanan na'urar, ba hoton da aka gyara kaɗai ba, tare da littafin jirgi: kaifin sauti, zango, tsawon igiya, gudun jirgi, yanayin teku, da sunan wanda ya zauna gaban allo. Taswirar da ke nuna ainihin inda kawa ta fi yawa kuwa, musamman a wurin da aka hana kamu, a miƙa ta ga hukuma. Wadda za a fitar wa jama'a a rage mata kaifi, a bar iyakar filin da jimillar adadi.